Sunan da Ya Raba Autana da Komadugu

Duk shekara, in sanyi ya shigo tattasai ya fara ja a gonakin bakin kogin Komadugu, akwai wani tsoho Babarbare da ke zuwa ƙofar gidanmu a Difa. Ba ya aike, da ƙafarsa yake zuwa. Zai tuɓe hularsa ya cika ta da nunan fari na gonarsa, ya riƙo ta da hannu biyu tun daga bakin kartiye, wato unguwarmu, kansa a buɗe cikin rana. In na fito ya ce wushe, in ce wushe, gaisuwarsu ke nan, ya juye min tattasan a faifai, sannan ya ce ya zo karɓar amana. Amanar kuwa autana ne. Haka mutanen gidansu suke yi in za su ɗauki ɗan wani aiki a bakin ruwa. Sai an zo an roƙa, kuma daga ranar duk abin da ya sami yaron yana wuyan mai gona, har a ɗaure buhun ƙarshe.

Mu mutanen Damagaram ne, kasuwa ta kawo mu. Maigidana yana da butik, wato shago, na atamfa da leshi, ni kuma na koyar a lekol, wato makarantar boko, shekaru da dama, shi ya sa har yau ba a kirana da komai sai Madam. Kowa a kartiye ya san ba ni da dogon haƙuri. In magana ta zo min wuya sai na fitar da ita, ko a gidan biki ne. Sauran ƴaƴana duk sun tashi kamar na kowa, autan ne ya zo da nasa hali.

Bai yi magana da wuri ba, har sai da na fara cire rai. Da ya fara kuma ba ya yin ta sai da dalili. Ba ya kallon mutum a ido. Kwanon cin abincinsa ɗaya ne, in aka canza shi ya gwammace ya kwana da yunwa. Takalman gida kullum a jere suke bisa girma, ko baƙo ya tuɓe nasa sai ya samu an sa shi a layi. Na kai shi lekol ɗin da nake koyarwa, amma in yara suka ɗauki karatu da murya ɗaya sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur. Ku duba fa, ni mai koya wa ƴaƴan mutane, nawa yana ƙarƙashin tebur. Abin ya ci min rai ƙwarai, kuma na dake shi a lokacin, don ban san wata hanya ba.

Da ya tasa, ubansa ya ce to a gwada butik. Bai daɗe ba. Wata Hajiya ta ɗauki turmi tana yabawa, shi kuwa ya ce mata wannan zuba yake, in ta wanke shi sau ɗaya ya tashi daga aiki. Gaskiya ya faɗa, amma ba a cin kasuwa da irin wannan gaskiyar. A butik ɗin ne tsohon ya gan shi. Ya zo sayen yadin salla, ya tarar da yaron a lungu yana ware zare launi-launi, ja mai duhu daban, ja mai haske daban, har da waɗanda ni idona bai ga bambancinsu ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Da sanyi ya shigo sai ga shi a ƙofarmu da hula.

Aikin da ya ba shi a wurin shanya ne. Ana share fili tas a saman gaɓa, a baza tattasan da aka tsinko, a riƙa juya shi har ya bushe, a tsince wanda ya yi fari-fari ko ya fara fumfuna kafin a zuba a buhu. Aiki ne mai gundura, ga atishawa, ga ƙaiƙayin ido. Sauran ma'aikata hira ke riƙe su, shi kuwa autana shirun ne ya yi masa daɗi. Da safe amalanken tsohon ya biyo ta layinmu ya ɗauke shi, la'asar ya dawo da shi jajir, yana warin yaji. A nan na fara jin ɗana yana ba da labari ba a tambaye shi ba. Labarin tattasai ne kullum, har mu gaji, amma labari ne. Ya yi kaka huɗu a haka. Kuma abin da nake so a riƙe shi ne, yaron nan ba ya son ruwa. Wanka ma sai an yi daga. In zai yi alwala a gona, a buta yake ɗiba ya hau tudu, ko idon sawunsa ba ya bari kogi ya taɓa.

A lokacin ba shi da wani suna sai ɗan Madam mai halinsa. Wasu su ce miskili ne, tsofaffi su ce irin waɗannan bayin Allah ne. Wata ta taɓa cewa gaula a bayan idona, labari ya iso min, na same ta a gidan suna na wanke ta tas a gaban mata. Ba a ƙara ba.

Sai maƙwabciyata ta zo. Mutuniyar Tumur ce, tashin hankali ya koro su, suka zauna Asaga wani lokaci, daga baya mijinta ya sama musu ɗaki biyu a gidan da ke jikin namu. Tana da yaro ɗan kamar shekara tara wanda bai taɓa cewa uffan ba. Yana kaɗa hannuwa, yana cizon bayan hannunsa har ya yi kanta, in abu ya dame shi ya buga kai da bango. In aka yi sakaci da ƙofa kuwa ya fice, ba ya waiwaye. Saboda haka take ɗaure shi a ƙafa da tsumman zane, a jikin ginshiƙin rumfa. Ran da na fara gani na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga idonta, na haɗiye. Ba mugunta ba ce, mace ce ita kaɗai da girki da ɗiban ruwa da wasu yara uku.

Abin da ya fi ɗaurin ciwo shi ne bakin mutane. Wasu suka ce ta fita da magariba tana da cikinsa. Dangin mijinta suka ce daga gidansu ta kwaso. Yayar mijin, wadda ke zuwa daga Asaga lokaci-lokaci, ita ta fi kowa zafi, ta dage cewa mutanen ruwa ne, wato aljanun kogi, suka musanya yaron. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an yi duka da sunan korar abin da ke jikinsa. Ta katanga nake jin kukansa, raina yana tafasa. Mata suka daina barin ƴaƴansu su shiga gidan. Abin mamaki, autana ne kaɗai yaron ke yarda da shi. Ba sa magana, ba sa wasa. Nawa ya zauna yana jera wani abu, nata ya matso iyakar tsawon tsumma ya zauna kusa da shi.

Wata rana aka ce mutanen wani furoje, wato shirin taimako, sun kawo dokotoro daga Yamai, likita mai duba irin waɗannan yara. Maƙwabciyata ba ta jin Faransanci, Hausarta ma kaɗan ce, ni kuwa zaman Difa ya koya min Barbarci, sai ta roƙe ni in raka ta in yi tafinta. Yaron ya ƙi fita sai da ya kama gefen rigar autana, shi ya sa muka tafi mu huɗu.

Dokotoron mace ce mai natsuwa, ba zan ɗora mata laifin da ba nata ba. Ta daɗe tana tambayoyi, ina juyawa. Ta ce abin da ke damun yaron sunansa otisim, ba aljani ba ne, ba laifin uwa ba ne, haka aka halicci ƙwaƙwalwarsa. Ta ce a daina duka, a kwance ɗaurin, a gyara ƙofa, kuma a kula ƙwarai da ruwa, don da yawa daga cikinsu ruwa yana jan su kuma ba su san hatsarinsa ba. Ina juya wannan magana maƙwabciyata tana kuka. Duk wannan lokacin autana yana gefe ya jera mata kwalayen magani bisa tsawo. Dokotoron ta dube shi, ta dube ni, ta tambaya ko zan yarda in dawo da shi shi kaɗai.

Na dawo da shi har sau biyu. Ta tambaye ni tun daga goyo, ta yi hira da shi, ya ba ta labarin tattasai har ta ƙoshi. Daga ƙarshe ta ce shi ma otisim ne. Nan take na hau faɗa. Na ce mata haba, wannan da ke salla, yake aiki, yake gane kuɗi, ki haɗa shi da wanda bai san sunansa ba? Ta ce sunan yana da faɗi, akwai wanda ba zai taɓa magana ba, akwai wanda ke koyarwa a jami'a, duk a ciki suke. Na ce mu masu sayar da yadi ne, ba mu taɓa yanka wa jariri da ƙato riga ɗaya ba. Ta yi murmushi ta ce ta fahimta, amma tushen abin ɗaya ne, kuma sunan zai sa a daina ganin yaro da gangan yake yi.

Ba zan ɓoye ba, da na koma gida na zauna, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Shekara da shekaru ina zaton ni na kasa tarbiyya, ko taurin kai ne ya gado daga gare ni. Ashe yaron da ke ƙarƙashin tebur ba raina ni yake yi ba, kunnensa ne ke ciwo. Ubansa ma ya sassauta, ya daina ce masa malalaci. Har na ji ina son kalmar.

Wadda ta fi ni son ta ita ce maƙwabciyata. Ta riƙe ta da hannu biyu. A bakin famfo, a wurin niƙa, a gidan gaisuwa, duk inda aka taɓo zancen ɗanta sai ta ce ciwo ne na likita, kuma irinsa ne da ɗan Madam. Da wannan take rufe bakin kowa. Wa zai ce mutanen ruwa sun musanya ɗan Alhaji mai butik, wanda ake gani a sahun masallaci? In nawa ba aljani ba ne, to nata ma ba shi ba ne. Kuma maganar ta ci. Aka daina hayaƙi, aka daina duka. Mijinta ya sa sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, aka kwance tsumman. Na ga wurin da ya ci masa ƙafa yana warkewa. Yara suka fara leƙa gidan. Ni da kaina na ji daɗi, ban ga abin da zai biyo baya ba.

A shekarar ruwa ya zo da yawa, Komadugu ta cika har ta shiga gonakin ƙasa-ƙasa. Wata safiya mai kawo itace ya bar ƙofarsu a buɗe. Kafin a farga yaron ya fice. Aka bazu nema, sai wajen azahar wasu mata masu wanki suka gan shi ya shiga ruwa har wuya, yana ta tafiya gaba yana dariya. Wani mai kwalekwale ne ya fizgo shi. Allah ya yi da sauran kwana. Kafin magariba duk Difa ta ji, kuma labarin bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da maganar dokotoro cewa masu wannan ciwo ruwa yana jan su, ya tafi da maganar uwar cewa irinsa ne da ɗan Madam.

Sanyi ya shigo, tattasai ya fara ja. Autana ya fito da kayan aikinsa ya wanke ya ninke. Kullum da hantsi yana bakin ƙofa yana duban hanya. Tsohon ya yi jinkiri. Ran da ya zo, tun daga nesa na ga hularsa tana kansa.

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Maigida yana kasuwa. Maƙwabciyata tana tsakar gidana tana tsintar shinkafa, tare da yayar mijinta, wadda tun ranar kogin ta tare a gidan tana cewa a mayar da ɗauri, mutanen ruwa ne suka kira abinsu, zancen likita zancen banza ne. Duk suna jin abin da ake faɗa a zaure. Bayan doguwar gaisuwa tsohon ya dubi ƙasa ya ce, da Hausarsa mai nauyin Barbarci:

"Madam, magana ɗaya na zo tambaya. Ciwon yaronki da na yaron da aka ciro daga ruwa, ɗaya ne ko ba ɗaya ba ne?"

Na ji tsintar shinkafa ta tsaya. Na san in na ce ba ɗaya ba ne, tsohon zai tafi ya dawo da hula a hannu, ɗana ya koma gonarsa. Na kuma san kafin la'asar tsumma zai koma ƙafar wancan yaron, don duk abin da ya kare shi a watannin nan jingine yake da ɗana. Ni uwa ce, bakina ya riga ya buɗe, kuma ba ɗaya ba ne ke kan harshena. A ganina ma ba ƙarya zan yi ba. Sai autana, da ke tsaye a bakin zaure da kayan aikinsa a hammata, ya riga ni.

"Ɗaya ne, Baba. Dokotoro ta ce otisim, ni da shi." Sannan ya ce, "Gobe amalanke zai biyo?"

Ni kuwa na taso wa tsohon da faɗa, na manta da girmansa. Na ce kaka huɗu yaron nan yana hannunka, ka taɓa ganin ruwa ya jiƙa masa gwiwa? Ya ce bai taɓa ba. Na ce ka taɓa nemansa ka rasa? Ya ce ko sau ɗaya. Na ce to me ya canza, yaron ne ya canza ko kogin? Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce:

"Ƴata, da ban sani ba. In wani abu ya faru a lokacin, ƙaddara ce. Yanzu an faɗa min. In na ɗauke shi ruwa ya ci shi, me zan ce wa ubansa, me zan ce wa Allah?"

Ya ce ƴaƴansa ma sun hana, kuma shi ya tsufa, ba zai iya sa ido a kan mutum daga safe zuwa la'asar ba. Ya ce bai samu mai tsince tattasai kamarsa ba kuma ba zai samu ba. Da zai tashi idonsa ya kawo ruwa. Ban raka shi ba, don haushi ya hana ni tashi.

Na yi ta faɗi-tashi bayan haka. Na koma inda muka ga dokotoro don ta zo da bakinta ta gaya wa tsohon cewa sunan ne ɗaya, yaran biyu ne. Aka ce furojen ya ƙare, ta koma Yamai. Maigida ya je ya sami tsohon har gona, ya ce ya ɗauke masa nauyin amanar, in wani abu ya faru ba ruwansa. Tsohon ya ce amana ba a ɗauke ta da baki. Muka gwada wasu masu gonaki biyu, duk labari ya riga mu isa. Kowa ya yi mana magana mai daɗi, kowa ya ce Allah ya ba shi lafiya. Lafiya! Yaron da ko zazzaɓi ba ya cika yi, yanzu duk inda ya wuce sannu ake yi masa.

Har yau ban san wa zan riƙe a raina ba, kuma wannan ne ke hana ni sukuni. Mutum mai faɗa irina yana son ya samu wanda zai yi da shi. Dokotoro gaskiya ta faɗa iya saninta. Maƙwabciyata ta kare ɗanta da abin da ta samu. Tsohon tsoron Allah ne ya hana shi. Kalmar kanta, da ba ta da faɗin da za ta ɗauki nawa, da ba ta kwance na maƙwabciyata ba. Yayar mijin ta tattara ta koma Asaga washegarin ranar da tsohon ya zo, don ta ji da kunnenta daga bakin wanda kowa ya san ba ya ƙarya. Yaron maƙwabciyata yana yawo a tsakar gida ba ɗauri, har ya koyi nuna randa in yana jin ƙishi. Uwarsa kullum sai ta leƙo ta yi min godiya, ni kuma in amsa, wani lokaci da ƙyar.

Autana ya koma shiru irin na da. Amalanken ya canza layi, ina jin don kada su haɗa ido. Da na ga zaman yana cin sa, sai na fara sayo masa busasshen tattasai a kasuwa, tiya ɗaya ko biyu, in baza masa a tabarma ya tsince. Na san wasan yara ne, shi ma ina jin ya sani. Ɗan maƙwabciyata yakan zo ya zauna kusa da shi.

Da sanyin bana ya shigo na sayo wani, na zuba masa na shiga ɗaki. Ya ɗaga murya ya ce wannan na gonar Baba ne, an bar shi ya sha raɓa, ba a juya shi da wuri ba. Na ce to. Can na ji shiru ya yi yawa, na fito. Na same shi a bakin ƙofar gida. Ya tuɓe hularsa, ya cika ta da waɗanda ya zaɓa, jajaye masu kyau, ba ko ɗaya mai tabo, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Inna, in ni na kai masa, zai karɓa?"

Ba a yi masa alkawarin da ba za a cika ba, don ba ya mantuwa. Na ce ban sani ba. Bai shigo ba. Na ɗauko kujera na zauna a zaure ina kallon bayansa, yana tsaye yana duban hanyar kogi, kansa a buɗe cikin rana.